Kada Ki Yarda da “Da Sauƙi”

Gummi, Jihar Zamfara.

Mai sunan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Sakkwato lafiya, babu abin da ya tare ku a hanya. Kin san yadda hanyoyinmu suka koma, duk wanda ya fita sai an ji saukarsa hankali yake kwanciya. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya haɗa ki da abokan aiki nagari, Ya sa hannunki ya zama sanadin samun lafiyar bayinsa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a cikin kayanki. Ni na ba mahaifiyarki ta sa miki. Tunda aka haife ki ban taɓa zama da ke mun yi doguwar magana ba. Ke ce ’yar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, kunya biyu ke nan ta haɗu mini a kanki. Abin da baki ya kasa, bari in gwada ko alƙalami zai iya. Rubutun ɗan kasuwa ne, wanda ya fi sanin mudu da buhu, sai ki yi haƙuri da shi.

Mahaifiyarki ta ce mini a asibitin da aka ɗauke ki aikin nas, ɗakin masu tsananin ciwo za a sa ki, inda ake ɗora mutane a kan injin numfashi. Ina cin tuwo ta faɗa mini, kuma wallahi ban ƙara loma ba. Na san irin ɗakin nan. A cikin irinsa kakarki ta cika, kuma ni na sa aka kai ta. Kina ƙarshen firamare a lokacin, abin da aka gaya muku kawai shi ne Inna ta yi jinya ta rasu. Yau zan gaya miki sauran.

Kin tuna ta, ai ba ta ɓoyuwa. Tsohuwa mai tsabta da faɗa, wadda take kiranki kishiya tana cewa kin sace mata suna. Da damina ciwon ciki ya kama ta, ta kwana biyu ba ta fita bayan gida, cikin ya kumbura, tana amai. Daga asibitin garinmu aka tura mu Sakkwato, ni da goggonki Hajara muka tafi da ita. Can aka ce hanji ne ya toshe, sai an yi aiki.

Ni ma ɗan fari ne, kin sani. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, “wancan” take ce mini, kuma in tana da magana da ni sai ta bi ta kan wani, ko da ina tsaye a wurin. Da za a shiga da ita ɗakin tiyata, ina bakin ƙofa, sai ta juya fuska wajen bango ta ce, “Hajara, ki gaya ma wancan, in an yi aikin ga Allah Ya ba da sa’a, to madalla. In ko bai yi ba, kar a riƙe ni nan, a maishe ni ɗakina. Kuma a kiro mani Kulu.”

Na ji da kunnena. Ba sai Hajara ta maimaita ba. Amma sai na ce, “Haba, wace irin magana ce wannan? Tsoron wuƙa ne kawai ya kama ta.” Na yi dariya ma, don in ƙarfafa kaina.

Ba tsoro ba ne. Wasiyya ce ta yi, cikin hankalinta, a hanya ɗaya da kunya ta bar mata. To ki kula da wannan a wurin aikinki. Tsofaffinmu ba za su zaunar da ’ya’yansu su ce ga abin da nake so ba. A kaikaice suke faɗa, suna kallon bango, ko su gaya wa jika cikin wasa, ko su gaya miki ke nas kina gyara musu shimfiɗa. Idan kin ji irin wannan kada ki ce, “Haba Baba, daina faɗar haka.” Ki tsaya ki saurara, ki sake tambaya don ki tabbatar, sannan ki kai wa likita da iyalansa tun bakinsa yana motsi.

Kulu ɗin da ta ce a kira ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke aure a Gwashi. Sun yi shekaru ba sa ga-maciji, a kan wata magana da ta fita a wurin biki, wadda in na gaya miki sai ki yi dariya don ƙanƙantarta. Ban kira ta ba. Na ce da damina ce, hanyar Gwashi sai babur, ga ruwa ga tsoro, don me zan tayar da tsohuwa? Da labari ya kai mata, ita ta sa aka bugo mini waya. Ta ce, “Yaya jikin Yaya?” Na ce, “Da sauƙi.” Ta ce, “In taho?” Na ce, “A’a, ki bari a sallame mu, kya same ta gida.”

An yi aikin. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu sai godiya. Inna ta farfaɗo, ta gane mu, har ta yi wa Hajara faɗa a kan ta bar kallabinta ya zame gaban maza. Na shiga buga waya ko’ina ina cewa an yi nasara. Amma bayan ’yan kwanaki numfashi ya fara yi mata wuya, ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ja baya.

Likitan da ke duba ta, wani mai sanyin magana, ya kira ni ofishinsa ya ba ni kujera. Ya ce, “Alhaji, huhun Mama ya gaji, ƙodarta ma tana tsayawa. Muna da injin da zai yi mata numfashi. Amma zan gaya maka gaskiya, da shekarunta da yadda jikin ya yi, ba na zaton in mun ɗora ta za ta sauko. Kuma za a zura mata roba ta baki har maƙogwaro, daga nan ba za ta ƙara magana ba. Ɗaya hanyar ita ce mu bar ta a inda take, mu ba ta iska ta hanci da maganin da zai hana ta jin zafi, ku zauna da ita.” Sannan ya yi mini tambayar da har yau take hana ni sukuni. Ya ce, “Ita me take so? Ta taɓa faɗa?”

Kin san abin da na yi? Na ce ya ba ni minti kaɗan. Na je bakin gadonta na durƙusa na ce, “Inna, yaya jiki?” Tana jan numfashi da ƙyar ta ce, “Da sauƙi.” Na miƙe na koma wurin likita na ce, “Yanzu na tambaye ta, ta ce da sauƙi. Tana da ƙarfin rai. A sa mata injin.”

Ki duba wautar babanki. Wane Bahaushe ne aka taɓa tambaya yaya jiki ya ce ba sauƙi? Mutum yana gargara ma da sauƙi zai ce. Gaisuwa ce, godiya ce ga Allah, ba labarin jiki ba ne. Ni da na girma ina jin kalmar nan a bakin kowane mai ciwo, na fi kowa sanin haka. Na je na yi tambayar da na san amsarta, na ɗauko amsar na kai wa likita a matsayin yardarta. Maganar da ta yi da gaske, wadda ta yi tana kallon bango, na binne ta. Hajara ta ce, “Yaya, ka manta abin da ta ce?” Na daka mata tsawa a gaban mutane na ce ko so take uwarmu ta mutu. Kin san halina da zafi, ba a nan ya fara ba.

Don haka, ɗiyata, idan kina son sanin halin mai ciwo, ki yi gaisuwar, ki karɓi “da sauƙi” ɗinsa da hannu biyu, sannan ki jawo kujera ki yi tambaya ta biyu. Ina ne yake miki ciwo? Kin yi barci? Me kike tsoro? Wa kike son gani? In abin ya yi tsanani me kike so a yi, me ba ki so? Amsar da ta biyo bayan gaisuwa ita ce ta aiki. Kuma idan ɗan majinyaci ya shigo da sauri ya ce muku “ta ce da sauƙi,” ki tuna da ni.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa soyayya ce ta sa ni. Akwai ta, ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ina son uwata kuma na ji tsoron rasa ta. Amma akwai wani abu a ƙarƙashi. A shekarun nan kasuwa ta buɗe mini, ina kai hatsi wajen masu haƙar zinariya ta Anka, ana ganina ana cewa wane ya samu. Abin da ya tsaya mini shi ne bakin mutane. Kada a zauna a majalisa a ce yana da hali ya ɗauko uwarsa daga asibiti ya kawo ta gida ta mutu. Na fi son a ce babu abin da bai yi ba. To an faɗa kuwa. Ranar zaman makoki kowa ya zo sai ya ce, “Alhaji, ka yi ƙoƙari.” Kowace “ka yi ƙoƙari” sai in ji kamar an mare ni.

Za ki gamu da irina da yawa. Mai babbar riga, mai ɗaga murya, mai cewa a yi komai ko nawa ne. Kada ki raina shi, tsoro ne yake cinsa. Amma ki duba bayansa, akwai wata mace zaune a tabarma da kwanon abinci, wadda ita take juya majinyacin tana wanke shi. Ita ta san abin da ya ce. Ki nemi hanyar da za ta yi magana ba a gaban yayanta ba.

Aka ɗora Inna a kan injin. Ɗakin ba a barin kowa ya zauna, sai a leƙa na ɗan lokaci a fito. Ranar da na fara shiga ban gane ta ba. Roba a baki an manne da filasta, ƙirjinta yana tashi yana sauka ba da ikonta ba, kanta babu kallabi. Da maganin barci ya sake ta sai ta kai hannu za ta cire robar, dole aka ɗaure hannuwan a jikin gado da ƙyalle. Ba mugunta ba ce, in ta cire za ta shaƙe. Ta buɗe ido ta gan ni. Matar da tunda na yi wayo ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, ranar ta dube ni sosai, ba ta kawar da kai ba. Ni ne na sunkuyar da nawa.

Da kwanaki suka tura babu canji, likitan ya sake kirana. Ya ce jikin yana ƙara yin ƙasa. Ya ce shawararsa kada a ƙara wani abu a kan wanda ake yi, kuma in zuciya ta tsaya kada a danna ƙirji, a bar ta ta tafi cikin natsuwa, a bar mu mu shiga mu zauna kusa da ita. Na ce sai na tambayi malamai. Na buga wa malaminmu na unguwa waya, kuma ga yadda na yi tambayar: “Malam, ya halatta in ce a bar uwata ta mutu alhali akwai magani?” Me kike so ya ce? Ya ce a’a. Na koma na ce wa likita addini ya hana.

Bayan an share makoki na zauna da malamin nan na ba shi labarin duka, da abin da likita ya ce, da abin da Inna ta ce. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, “Alhaji, ba wannan ka tambaye ni ba. Kashe rai daban, barin abin da masana suka ce ba zai yi amfani ba daban. Da ka gaya mini haka, da na ce ka je ka zauna kusa da ita ka riƙa tuna mata kalmar shahada.” Ban ce wannan ita ce fatawar kowane hali ba, ni ba malami ba ne. Abin da nake gaya miki shi ne, mai neman fatawa ya kai tambayarsa cikakkiya. In kin ga iyali sun rikice a kan halal da haram, ki ba su shawara su haɗa malamin da likitan, kowa ya ji daga bakin ɗan’uwansa.

Inna Kulu ta gaji da “da sauƙi” ɗina. Ta hau babur daga Gwashi, tsohuwa da ita, cikin laka, ta kwana a hanya, ta iso Sakkwato zanenta duk taɓo. Na roƙa aka bar ta ta shiga. Lokacin Inna ta daina buɗe ido. Inna Kulu ta tsaya a kanta ta kama hannun nan da ke ɗaure ta ce, “Yaya, ni ce Kulu. Na yafe maki duniya da lahira. Ki yafe mani.” Ta faɗa, ta sake faɗa. Babu abin da ya amsa sai ƙarar injin. Da muka fito ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dube ni ta ce, “Kai kac ce mani da sauƙi.” Har ta koma ga Allah ba ta ƙara tayar da maganar ba.

A kwanakin da Inna take magana bayan aikin, da na kira Inna Kulu, da sun gana. Wannan ne abin da na ƙwace musu, kuma babu kasuwar da zan sayo shi in mayar. Saboda haka idan dangi suka tambaye ki ko su kira na nesa, kada ki ce su jira a ga yadda za ta yi. Ki ce su kira. In an zo an tarar da sauƙin gaske, an yi asarar kuɗin mota ne kawai.

Da hantsi Inna ta cika, muna waje a gindin bishiya ni da Hajara. Zuciyar ta tsaya, aka danna ƙirjin kamar yadda na ce a yi, ba ta dawo ba. Babu ɗanta ko ɗaya a kanta, babu wanda ya laƙƙana mata kalmar shahada. Ina kyautata wa Allah zato, mace ce mai salla da azumi, kuma abin da ke zuciya Ya fi kowa sani. Amma Hajara da ta yi mata wanka ta ce mini akwai shaidar ɗauri a wuyan hannuwanta biyu. Ta faɗa sau ɗaya, ba ta ƙara ba. A ƙarshe dai na maishe ta ɗakinta, a bayan mota, a naɗe.

Kada ki ɗauki nadamata ki mai da ita doka. Injin nan ni’ima ce. A kwanakin da muka yi can na ga wani dattijo daga wajen Adabka da aka ɗora, ya sauko, ya koma gida da ƙafafunsa. Tsufa kaɗai ba dalili ba ne na a ƙyale mutum, kuma kada ki taɓa bari a ce “ai ya tsufa” don a huta da wahalarsa, ko don ’ya’yansa ba su da hali. Wannan zalunci ne, ya fi nawa muni. Abin dubawa shi ne ko akwai fatan ya tashi, da kuma abin da shi mai jikin ya ce. Ajali ba ya gaba ba ya baya, ban ƙara wa Inna ko numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta mata ba. Abin da aka bar a hannuna shi ne yadda za ta yi kwanakin, da wanda zai kasance kusa da ita, kuma a nan na faɗi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Tun bayan salla kina ganin na rame. Kullum da safe kina durƙusawa daga bakin ƙofa ki ce, “Baba, yaya jiki?” in ce da sauƙi, ki tashi. Ke da kika yi karatun jinya, na ga kina satar kallon kwanon da nake mayarwa ba a taɓa ba, amma kunya ta hana ki tambaya ta biyu. To ba sauƙi. Tafiyar da na ce miki na yi Gusau wajen abokin ciniki, asibiti na je. Sun ga wani ƙari a hanjina, sun ce sai an yi aiki, kuma sun tura ni can Sakkwato inda kike. Na ce su bari a kawar da amfanin gona. Mahaifiyarki kaɗai ta sani.

Ba na gudun aikin, za a yi shi in Allah Ya kai mu, kuma ina son in tashi, ina son in ga aurenki. In bayan aikin likitoci suka ce injin zai taimaka in haye, a sa mini, a gwada. Amma in suka ce miki abin da aka ce mini a kan Inna, kada a zura mini roba, kada a ɗaure mini hannu, kada a danna mini ƙirji. A ba ni abin da zai rage zafi. In jikin zai ɗauki hanya a kawo ni Gummi, in ba zai ɗauka ba ku zauna kusa da ni a can. A kira goggonki Hajara tun ina magana, akwai tsawar da na yi mata da ban taɓa neman gafararta ba.

Ƙannenki maza za su ɗaga murya, jinina ne, na san su. Za su ce a yi komai, za su ce me mutane za su ce. Ki nuna musu wannan takarda. Ke na zaɓa ki yi magana a madadina, ba don ke ce nas ba kawai. Sunanta gare ki, kuma wannan karon ina so a ji maganar mai sunan.

Ki riƙe salla a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki ci abinci. Ki rufa wa majinyata jikinsu, tsohuwa in kallabinta ya zame ki gyara mata ko ba ta san inda take ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya jiƙan Inna da Inna Kulu Ya haɗa su a inda babu gaba, Ya sa mu cika da kyau da imani.

Idan kin karanta za ki bugo waya, na sani. Za ki ce, “Baba, yaya jiki?” Ni kuma zan ce da sauƙi, don bakina ya riga ya saba. Kada ki yarda. Ki sake tambayata.

Wassalamu alaikum.

Babanki.